An Gama Jirgi, Saura Masauki

Da zarar an yanke dawa, kara ke shigowa Tudun Wadar Zariya dami-dami, wani a amalanke, wani a bayan babur. Masu danga su ɗebi nasu, masu tuyar ƙosai da waina su ɗebi na hura wuta, yara kuma su bi baya suna zare sille, wato siririn saman karan nan mai santsi da ke ɗauke da zangarniya. A hannun yaron da ya iya, sille ɗaya ya ishe shi katako, ya ishe shi ƙusa. Zai sa haƙori ko tsohuwar reza ya ɓare ɓawon siri-siri ya ajiye gefe. Farin ɓargon da ya rage shi ne katakon, sai ya yanka shi gunduwa-gunduwa daidai tsawon da yake so. Ɓawon nan mai kaifi kuwa shi ne ƙusar: a fiƙe bakinsa, a soka a wannan gunduwa, a soka ɗaya bakin a waccan, sun haɗu ke nan, ba gam ba zare. Kafin la'asar an tayar da mota mai bodi, da ƙafafun sakaina ko na tsohon silifas, har da kujerar direba.

Motar kara ba ta neman wurin ajiya. Kwana biyu ne akuya ta tauna ta, ko ƙane ya zauna a kai, ko uwa ta rasa abin tayar da wuta ta cusa ta a murhu. Wahalar ajiya tana kan 'yan kaɗan ɗin da girma bai raba su da wannan sha'awa ba, waɗanda suka tashi daga kara suka koma gwangwanin madara, daga nan tukurwa, daga nan katako. Da yawa jirgin sama suke fara ƙerawa, kuma ba abin mamaki ba ne a garin da tun 1964 yake da makarantar koyon tuƙin jirgin sama, ƙananan jiragen ɗalibai na shawagi a kan rufin mutane. Amma akwai masu kafiya da suka zaɓi jirgin ruwa, alhali ruwan da suka sani bai wuce Kubanni da Galma ba, teku kuwa sai a hoto. Su ne suka ɗauko abin da ya fi kowanne cin wuri.

Aikinsu da awo yake farawa. Mutum zai samo zanen jirgin gaske, a littafi ko a intanet, ya tsayar da sau nawa zai rage shi. Idan ya ce 1 bisa 100, to kowace mita ta jirgin gaske ta zama santimita ɗaya a kan teburinsa, kuma wannan hukunci ya hau kan komai, daga tsawon jirgin har kaurin igiyarsa. Sai ya yanka ƙashin baya, doguwar sandar da ke kwance a ƙasan jirgi daga goshi zuwa wutsiya, ya kafa haƙarƙari a kanta ɗaya bayan ɗaya, yana gwada kowanne da kusurwar kwali don kada ya karkace. Karkatar da ido bai gani ba a haƙarƙari na uku ita ce za ta tona asiri a na goma. Daga nan sai rufe jiki da siraran filanki. Farin katakon nan mara nauyi da 'yan katako ke kira obeche ya dace da wannan ƙwarai. Daga dazukan Afirka ta Yamma ake fitar da shi, masu irin wannan sha'awa a Turai suna sayensa a yanyanke cikin kwali, mu kuwa guntayensa na zube a ƙasan bencin kafinta. Ana jiƙa filankin a ruwan zafi, a lanƙwasa shi a jikin gwangwani mai ɗumi, a shafa gam, a riƙe da fil da maƙalin shanya har ya kama. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ba a jera biyu a gefe guda, domin gam yana ja idan yana bushewa, kuma jan gefe ɗaya ya isa ya murɗe jirgin gaba ɗaya.

Duk wannan bai ci wuri ba tukuna. Jirgi irin na da, mai tafiya da iska, yana da turaku dogaye a tsaye, da sandunan gicciye a kansu inda ake ɗaura ƙyallayen da iska ke turawa, da wata sanda mai tsini da ta miƙe daga goshi, ga igiyoyi birjik suna riƙe da kowanne. Ɗauki Victory, jirgin yaƙin Ingila da ya yi faɗan Trafalgar a 1805, wanda har yau yake ajiye a Portsmouth. Tsawon jikinsa mita 69, faɗinsa bai cika 16 ba. A awon 1 bisa 100, abin da za ka rungume da hannu ɗaya ke nan. Amma babban turkensa ya haura mita 60 daga fuskar ruwa, babbar sandar gicciyensa kuma ta kusa ninka faɗin jikin biyu. Saboda haka yawancin wurin da jirgin ke ci iska ce zalla, iskar da ba a isa a ajiye ko da hula a cikinta ba.

To ka kai wannan lissafi gidan haya a Tudun Wada, tsakanin Ƙofar Doka da Kubanni, inda ma'aikaci da ɗan kasuwa da ɗalibi ke zaune ƙofa da ƙofa. Ciki da falo ne, ko ɗaki ɗaya da labule. Bango guda na gado ne, guda na ƙofa da taga, guda kuma tun ranar jere aka mallaka wa uwargida, kabet ɗinta cike da samiru da tangaram, ba mai taɓawa. Jirgi na farko kan samu teburin falo, kowa na yabawa. Na biyu ya hau saman akwatuna. Ana cikin na huɗu za ka ji an ce, "Malam, wannan kuma a kan wa za a ɗora shi? Ko mu ne za mu koma tsakar gida?" Shi kuma ya ce, "Haba uwargida, ai wannan ƙarami ne." Su duka biyun sun san ba ƙarami ba ne.

A nan ake gane gwani. Ɗan koyo sai ya gama jirgi sannan ya waiwayi ɗaki. Gwani ba ya fafe gora ranar tafiya, da tef ɗin awo yake fara zagaya ɗakin kafin ya taɓa zarto, wurin da ya samu shi zai faɗa masa awon jirgin. Ya kuma san wani lissafi da ba kowa ke lura da shi ba: idan aka rage awo da rabi, ba rabin wuri aka ceto ba. Tsawo ya ragu da rabi, faɗi haka, tsayi haka, don haka filin da jirgin zai ci a kan kanta ya koma kashi 1 cikin 4, akwatin da zai rufe shi kuma kashi 1 cikin 8. Titanic mai mita 269, a awon 1 bisa 350 santimita 77 ne, a 1 bisa 700 bai cika 39 ba. A 1971 kamfanonin Japan irin su Tamiya da Hasegawa suka fara fitar da jerin jiragen roba na haɗawa a awon 1 bisa 700, suka yanke musu duk abin da ke ƙarƙashin ruwa, cikinsu a shafe, su zauna daram a kan katako. Sai dai wurin da aka ceto ido ne ke biyan kuɗinsa. A wannan awo yatsa ya yi kauri, sai matsefata, irin ta cire ƙaya, da gilashin ƙara girma, da riƙe numfashi lokacin ɗora abu.

Wani kuma rabin jirgi yake yi, a tsage daga goshi zuwa wutsiya, ya manna shi a allon katako ya rataye a bango. Dabarar maƙeran jiragen gaske ce tun da: tunda dama da hagu ɗaya suke, rabi suke sassaƙawa su ɗauki awo a jikinsa, in an gama aiki su kafa shi a bangon ofis.

Idan bango ya ƙare sai a ɗaga kai. A ƙasar Denmak akwai ɗaruruwan majami'u da ƙananan jirage ke rataye a rufinsu, kyautar masunta da matuƙa, wasu sun haura shekara 200. Ratayar ba ta ƙusa da igiya ba ce kawai. Silin ba ya riƙe kaya, sai an bi layin ƙusoshinsa ko an ƙwanƙwasa ana saurare har a ji inda sautin ya toshe, nan katakon rufi yake, nan za a murɗa ƙugiya mai sukuru. Sannan a nemo tsakiyar nauyin jirgin, wadda sau da yawa ba ita ce tsakiyar tsawonsa ba. A kwantar da fensir a tebur, a ɗora ƙashin bayan jirgin a kai a gicciye, a riƙa matsar da shi sannu-sannu har ya tsaya bai sunkuya gaba ba bai faɗa baya ba, a yi alama. Igiya biyu za a sauke, ɗaya gaban alamar ɗaya bayanta, tazara daidai. Ba a ɗaure su a turke, don an yi turke ne ya tsaya, ba ya ɗauki jirgi ba. Mai hangen nesa tun yana gini yake dasa zobban waya guda biyu a cikin haƙarƙari, ya bar kawunansu sun ɗan leƙo a daɓen jirgin, ko da ranar rataya ba za ta zo ba. Zaren roba na kamun kifi ya fi kyau ga ido don ba a ganinsa, amma zafin kwano yana gasa shi har ya tsinke ba sallama. Siririyar wayar tagulla daga kwayil ɗin fankar da ta ƙone ta fi aminci. A nisanci fanka, a duba silin ko akwai tabon yoyo, a kuma kauce wa kusurwar da uwargida ke ajiye kaskon turaren wuta, domin hayaƙinsa yana barin maiƙo a jikin igiya, maiƙo kuma shi ne gam ɗin ƙura.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba a Zariya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ke sauke ta, ka rufe ƙofa ta biyo taga, ka rufe taga ta sauko ta silin. Teburi ana share shi da tsumma, jirgi mai igiyoyi ba a yi masa haka. Mai hali yana zuwa wurin masu yankan gilashi a haɗa masa akwati, ya bar tazarar yatsa uku tsakanin gilashin da kowane tsinin jirgin. Abin mamaki, ba a toshe akwatin ruf. Farin gam na kafinta da wasu irin katako suna fitar da wani tururi mai tsami wanda hanci ba ya ji, idan ya taru a rufaffen wuri sai ya kama cin dalma. Ankar jirgi ko 'yar bindigar da aka zuba da dalma sai ta fara fari, ta kumbura, wata rana a tarar da gari a inda take. Masu kula da gidajen tarihi sun daɗe da sanin wannan ciwo. Maganinsa 'yan ramuka biyu a katakon ƙasan akwatin, a cusa musu auduga, iska ta wuce ƙura ta tsaya. Wanda ya sani tun farko kuwa tagulla yake amfani da ita.

Wanda bai da kuɗin gilashi, sai shara da hannu, kuma ita ma fanni ce. Burushi mai laushi ake nema, na zane ko na kwalliyar mata da aka wanke. Daga sama ake farawa a gangaro, don kada ƙurar saman turke ta sauka inda aka riga aka share. Yatsan hagu yana tallafe da turken ta baya, hannun dama yana bin igiya a tsawonta, ba a gicciye ba. Daɓen jirgin daga tsakiya ake koro ƙurarsa zuwa gefe. Dattin da ya manne kuwa, sai a naɗa 'yar auduga a bakin tsinke, a jiƙa ta da miyau, a mirgina a kan wurin, ba a gogawa. Kada mai karatu ya yatsine fuska, haka masu gyaran kayan tarihi ke yi a manyan gidajen adana na duniya, domin miyau yana ɗauke da sinadarin da ke narka datti ba tare da ya ci fenti ba. Sharaɗin dai kada a yi bayan cin goro. Aiki ne na yini guda a kan jirgi ɗaya. Lokacin da majalisar bakin titi ta gama musun ƙwallon Turai ta shiga na siyasa, ta sake komawa na ƙwallo, mai sharar bai sauko daga turke na biyu ba.

Akwai kuma abin da yanayi ke yi wa zare, wanda a ganina shi ne ilimin da ya fi ɓuya a wannan sana'a. Zaren auduga yana shan laima. In ya sha sai ya kumbura, murɗinsa ya tsuke, tsawonsa ya ragu. Igiyar da aka ɗaure tamau a Janairu, lokacin da leɓe ke tsagewa don bushewa, za ta ƙara tsukewa a Agusta har ta sunkuyar da turke ko ta tumɓuke zobe. Wadda aka ɗaure tamau a Agusta kuma za ta saki jiki a Janairu, jirgin ya yi yaushi. Don haka gwani yana duban wata kafin ya ja ƙulli. Cikin hunturu yana barin ɗan sassauci, cikin damina yana ja ya ɗan ƙara. Kafin ma ya ɗaura, zai rataye zaren da dutse a ƙasansa ya kwana, ya gama miƙewar da zai yi, sannan ya ja shi ta cikin kakin zuma sau biyu ko uku yadda baduku ke yi wa zaren ɗinkin fata. Kakin yana rage shan laima, yana kuma kwantar da gashin zaren da ƙura ke maƙalewa. Katako ma haka yake numfashi, shi ya sa ake shafa masa banish ciki da waje. Wanda ya shafa waje kaɗai zai ga filanki ya buɗe baki a hunturun farko.

Sai ƙwari. Gara ba ta raina ƙaramin katako. Kyankyaso yana bin gam ɗin sitaci da ƙyallen da aka sa wa sitaci ya yi musu ramuka. Zanzaro ya ga lungu a daɓen jirgi ya ce ya samu fili, ya kawo laka ya yi gini. Tukurwa da kara kuma sukan zo da nasu ƙwaron a ciki, sai an wayi gari a ga ɗan gari a ƙarƙashin jirgi. Wannan tun kafin a fara aiki ake magance shi: a ƙunshe kayan a baƙar leda, a ɗora kan kwano a ranar Afrilu, su yini.

Akwai wanda ya haɗa maganin wuri da na ƙura a abu ɗaya, ya cusa jirgin a kwalba. Duk wanda ya gani sai ya juya kwalbar yana neman inda aka yanke gindinta aka liƙe. Ba a yanke ba. Bakin kwalbar ake fara aunawa, a sassaƙa jikin jirgin ya ɗan gaza shi faɗi. Kowane turke ana huda gindinsa a zura siririyar waya, a kafa bakunan wayar biyu a daɓe, sai ya zama yana iya kwanciya baya ya kuma tashi. Sandunan gicciye da zare ake ɗaure su don su iya juyawa su bi tsawon turke. Daga saman kowane turke zare ɗaya ke tahowa gaba, ya ratsa ɗan rami a sandar goshi, ya yi tsawon da zai fito waje da kwalbar. A cikin kwalbar an riga an shimfiɗa teku, wato fotin masu sa gilashin taga da aka cuɗa da shuɗin fenti, aka shigar da shi ƙwallo-ƙwallo da lanƙwasasshiyar wayar ƙafar keke, aka daddanna, aka goge duk inda ya taɓa gilashi. Sai a kwantar da turakun, a naɗe ƙyallayen a hankali, a tura jirgin wutsiya gaba, a danna shi cikin fotin, a bar shi ya kama. Nan ne mai gaggawa ke asara, don idan aka ja zare kafin jirgin ya zauna, jirgin ne zai biyo zaren. In ya kama, a ja zaren turakun, su miƙe ɗaya bayan ɗaya. A ɗiga gam a ramin sandar goshi da bakin waya, ya bushe, a yanke ragowar zaren da gutsuren reza da aka ɗaure a tsinke. Ba a toshe kwalbar sai fotin ya gama bushewa, in ba haka ba gumi zai rufe gilashin ta ciki, ba kuwa hannun da zai shiga ya goge.

Kwalba ma ba kullum take ceton wuri ba. Yinka Shonibare, ɗan Najeriya da aka haifa a Landan ya tashi a Legas, ya yi samfurin Victory a awon 1 bisa 30 da ƙyallayen atamfa, ya sa shi a kwalbar da ta kusa mita 5. An ɗora ta a dandalin Trafalgar a 2010, wa'adinta na cika aka shiga neman inda za a kai ta. Sai da jama'a suka yi karo-karo aka saye ta, ta samu mazauni a ƙofar gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich a 2012. A wannan shekarar kuma gidan tarihin kimiyya na Landan ya rufe zauren jiragen ruwansa don ba wani baje koli wuri, bayan an ɗauki hoton zauren kaf da na'ura, aka kwashe jiragen zuwa ma'ajiya. Tun 2010 aka gyara wata tsohuwar maƙera a Chatham don adana dubban irin waɗannan jirage. Idan gwamnatin Ingila ta rasa bango, malamin makaranta a Tudun Wada ba shi da abin jin kunya.

Abin da manyan ke yi shi ma yake yi: biyu a fili, saura a kwali, bayan Sallah a yi canji. Ba a kwantar da jirgi a cikin tsumma, domin tsumma yana kama igiya, ranar fitarwa ya zo da ita. Ana ɗaure shi ne ta ƙasa. A yanko falankin da ya cika gindin kwalin cif, a murɗa sukuru biyu daga ƙarƙashinsa su shiga mazaunin jirgin, a saukar da su tare, ya zamana babu abin da ke taɓa jirgin sai iska. Ƙananan kayan da ke cirewa a zuba su a gwangwani mai murfi. A sa kafur a ƙulle a ƙyalle can kusurwa, kada ya taɓa roba don yana iya lalata ta. A rubuta sama da ƙasa a jikin kwalin, a ɗora shi kan bulo nesa da bango saboda gara da laimar daɓe. Duhu ba ya cutar da jirgi, rana ce ke cin launi. A 1920 aka buɗe wani ɗan ɗaki a kabarin Meketre, wani babban bafade na tsohuwar Masar, kusa da Luksor, aka tarar da ƙananan jiragen katako da matuƙansu, kusan shekara 4,000 a rufe, fentinsu bai gushe ba. Yau wasu na Alƙahira, wasu na New York. Duhu da bushewa da rashin hannun mutane ne suka tsare su.

In kwalaye ma sun cika, sai rabuwa. Sayarwa ba ta biyan wahala, duk wanda ya kasa kuɗin da aka taya a kan watannin da ya yi yana aiki zai ga lebura ya fi shi. Kyauta ta fi yawa: ga makarantar firamare don ɗakin kimiyya, ga mai shagon aski ko mai kemis da ke da akwatin gilashi, ga aboki mai sabon ofis. Sai dai mai jirgi ba ya bayarwa da ka. Zai je ya gaida hedimasta, ya ce, "Ranka ya daɗe, a ina za a ajiye shi?" In aka nuna masa saman taga inda rana ke faɗawa, ko tebur daidai hannun 'yan aji ɗaya, sai ya yi godiya ya ce zai dawo. In wurin ya yi, shi da kansa zai kai, a Keke Napep, kwalin a kan cinyarsa ba a ƙasa ba, yana roƙon direba ya bi ramuka a hankali. Yakan haɗa da burushi, ya nuna wa wanda zai kula yadda ake riƙe turke.

Hanyar da ta fi zafi ita ce rushewa, kuma gwanaye sun fi kowa yin ta. Jirgin farko, mai karkataccen haƙarƙari da tabon gam, shi ake fara kallo. A ɗauke shi hoto da waya ta kowane gefe, a adana takardar awonsa. Sannan a bi aikin da baya. Igiya ba a kwance ta, yanka ake yi da ƙaramin almakashi, daga sama zuwa ƙasa, don zaren da ya shekara a ɗaure ba ya sake yin aiki. Turaku a murɗa su kaɗan a zare. Inda farin gam ya riƙe, a ɗora auduga mai ruwan ɗumi a jira ya yi laushi, a zura bakin reza a ɗaga, ba a fizga. Anka, zobba, ƙananan kwale-kwale, sitiyari, tsani, duk abin da ya ci kwana da kwanaki ana yi, kowanne ya shiga gwangwaninsa. Turken da bai lanƙwashe ba a kankare shi, zai yi sandar gicciye a jirgi mai zuwa. Gangar jikin da filankinta ya riga ya tsage ba a wahalar da kai a kanta. Mazaunin jirgin kuwa a goge shi da samfefa, a toshe tsofaffin ramukan sukuru da garin katako da gam, a huda sababbi daidai tazarar jirgin da ke kan tebur.